Bagaruwa Daga Kwatarniyar Majemi Zuwa Farantin Gwaji: Abin Da Take Yi Wa Ƙwayar Cuta Da Abin Da Take Yi Wa Jiki

Fatar akuyar da aka feɗe da safe, idan aka yar da ita a inuwa cikin zafin bazarar Zariya ba a shanya ta ba, ba a kuma zuba mata gishiri ba, kafin kwana biyu wari zai hana mutum kusantar wurin. Amma irin wannan fatar ce majemi zai ɗauka ya jiƙa a ruwan toka, ya kankare gashinta, ya wanke ta, sannan ya tsoma ta cikin kwatarniyar da aka dama dakakkiyar bagaruwa, ya yi ta cuɗawa yana juyawa, har ta fito ta zama abin da baduku zai ɗinka jaka ko kube da shi, a yi shekaru ana mora ba ta ruɓe ba. Abin da ke ruɓar da ɗanyar fata ƙwayoyin bakteriya ne masu cin furotin ɗin da ke jikinta. Saboda haka tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tun kafin a buɗe cibiyar binciken fata da ke Samaru, majema sun riga sun san cewa akwai wani abu a cikin bagaruwa da ke shiga tsakanin ƙwayar cuta da abincinta, ko da ba su kira shi da sunan da masana kimiyya suka sa masa ba.

Matan gida ma sun san nasu ɓangaren. Ana tafasa bagaruwa a ba mai jego ta zauna a cikin ruwan, ana kurkure baki da ita idan dasashi na jini ko maƙogwaro na ciwo, ana barbaɗa garinta a kan gyambo, ana kuma jiƙa ta a sha idan gudawa ta ƙi tsayawa. Na taɓa tambayar wata gwaggona da ke cikin birni, wadda ƙullin bagaruwa ba ya yankewa a ɗakinta, ko nawa take zubawa idan za ta jiƙa wa yaro. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, ana auna bagaruwa ne? Ka ɗanɗana ruwan, in ya yi bauri ya ɗaure maka harshe to ya yi." Na ce, "To Gwaggo, idan baurin ya yi yawa fa?" Ta ce sai a ƙara ruwa. Wannan amsar ba ta jahilci ba ce, domin harshe na iya gane yawan sinadarin da ke aikin fiye da yadda mutum zai zata. Sai dai harshe ba zai faɗa mata abin da hanta da ƙodar yaron ke gani ba, kuma a nan ne binciken kimiyya ke da abin cewa.

Dalilin da ya sa maganar ta tashi daga hirar tsakar gida ta shiga ɗakunan gwaje-gwaje shi ne magungunan asibiti da ake kashe bakteriya da su sun fara gazawa. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye sakamakon bakteriyar da ta bijire wa magani, kuma yankin da abin ya fi muni idan aka kwatanta da yawan jama'arsa shi ne Afirka ta Yamma, inda aka samu kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Wanda ya san yadda ake shiga kemis a sayi kafso biyu na ja da yalo a haɗiye, a daina da zarar ciki ya lafa, ba zai yi mamakin wannan adadi ba. Don haka neman sabon magani a jikin itatuwan da ke kewaye da mu ba wasa ba ne, kuma kusan kowace shekara ana samun ɗaliban haɗa magunguna da na nazarin ƙananan halittu a Samaru da ke ɗaukar irin wannan aiki a matsayin kundin kammala karatunsu.

Aikin yana farawa ne da tantance itacen, kuma wannan matakin da ake gani kamar ɓata lokaci yana da muhimmanci. Sunan bagaruwa na kimiyya da aka daɗe da sani shi ne Acacia nilotica, wanda daga baya masana tsirrai suka mayar Vachellia nilotica, kuma tana da rassa tara da suka bazu daga Afirka zuwa Indiya. Wata kwafsarta tana da ƙulli-ƙulli kamar carbi, wata kuma shimfiɗaɗɗiya ce, kuma yawan sinadarin da ke cikinsu ba ɗaya ba ne. Ko a itace guda, abin da ke cikin sassaƙe daban yake da na ganye ko na kwafsa, kuma ɗanyar kwafsa ba ɗaya take da wadda ta bushe a kan bishiya ba. Shi ya sa mai bincike na gaskiya yake kai samfurin wurin ajiyar busassun tsirrai na jami'a a tabbatar masa da sunansa a ba shi lamba, domin duk wanda ya so maimaita gwajin ya san ainihin abin da aka gwada. Bayan haka sai a shanya a inuwa, a daka, a jiƙa garin a ruwa ko a etanol ko metanol, a tace, a ƙafar da ruwan har sai wani abu mai danƙo, launin ƙasa-ƙasa mai duhu, ya rage a gindin kwano. Wannan shi ne ɗanyen tatacce, kuma a cikinsa akwai sinadarai masu yawa a cakuɗe.

Gwajin farko da kusan kowa ke yi yana da sauƙin fahimta. Ana zuba abincin bakteriya mai daskarewa a cikin wani ɗan faranti mai murfi, a shafe fuskarsa da ƙwayar cutar da ake son gwadawa, a huda ƙananan ramuka masu faɗin milimita shida ko takwas, a ɗiga tataccen a ciki, sannan a rufe a ajiye a ma'aunin zafi 37, wato zafin jikin ɗan Adam, na tsawon awa 18 zuwa 24. Na taɓa tsayawa kusa da wani ɗalibi da safe lokacin da ya fito da farantansa. Ya ɗaga ɗaya ya saita shi da hasken taga, sai ga fuskar farantin duk ta yi hazo saboda bakteriya ta tsiro ta mamaye ko'ina, in ban da wani da'ira garau da ya kewaye ramin da aka ɗiga bagaruwa, gefensa ya rine ya yi ja-ja kamar tabon shayi a kan farar riga. Ya sa rula ya auna faɗin da'irar yana murmushi, ya rubuta lambar a bayan farantin. Gani ya kori ji, kuma ba a zarge shi da murna ba, domin abin da ya gani gaskiya ne: bakteriya ba ta iya tsirowa inda tataccen ya isa ba.

An maimaita irin wannan gwaji a kan bagaruwa sau da yawa a Najeriya da Sudan da Masar da Indiya da Pakistan, kuma galibi sakamakon yana tafiya a hanya ɗaya. Tataccen yana hana Staphylococcus aureus tsirowa, wato bakteriyar da ke haddasa maruru da ruɓewar rauni, yana kuma taɓa irin su Escherichia coli da Salmonella masu alaƙa da ciwon ciki da na mafitsara, ko da yake sau da yawa ƙarfinsa a kan waɗannan bai kai na farko ba. Bambancin yana da asali. Tun 1884 wani likitan Denmak mai suna Hans Christian Gram ya gano hanyar rini da ta raba bakteriya gida biyu, daga baya aka fahimci cewa gida na biyu, inda su E. coli suke, suna da ƙarin riga ta waje mai maiƙo wadda ke hana manyan sinadarai kutsawa ciki. Yawancin tatattun tsirrai a wannan rigar suke cijewa.

To mene ne a cikin bagaruwar ke yin aikin? Mafi rinjaye shi ne dangin sinadaran da ake kira tanin, tare da ƙananan 'yan uwansu irin su galik asid da metil galet da katekin, waɗanda aka ciro aka kuma tantance daga kwafsa da sassaƙen itacen. Halin tanin guda ɗaya ne ya bayyana kusan komai game da shi: yana kama furotin ya ƙanƙame shi. Idan mutum ya tauna kwafsar bagaruwa ya ji bakinsa ya bushe, harshensa ya yi kaushi yana kama ganɗa, abin da ya faru shi ne tanin ya kama furotin ɗin da ke sa yawu santsi ya dunƙule shi, wannan kuwa shi ne baurin da Gwaggo ke aunawa da shi. A cikin kwatarniyar majemi, zaruruwan furotin na fata yake ɗaurewa har bakteriya ta kasa narkar da su. A cikin farantin gwaji kuma, yana kama sinadaran narkar da abinci da bakteriya ke fitarwa waje, yana manne wa furotin ɗin da ke jikin bangonta, yana kuma lalata tantaninta.

Akwai hanya ta biyu da dukawa za su fi kowa saurin ganewa. Idan baduku ya shafa kuloko, wato baƙin da ake haɗawa da tsatsar ƙarfe, a kan jemammiyar fata, nan take wurin yake yin baƙi wuluk, alhali shi ruwan kulokon ba baƙi ba ne sosai kafin ya taɓa fatar. Tanin ɗin da ke cikin fatar ne ya cafke sinadarin ƙarfe suka haɗu suka ba da wannan launi. Da wannan dabarar ce ma ɗalibai ke gwada ko tsiro na da tanin, su ɗiga ruwan gishirin ƙarfe a cikin tatacce su ga ko zai koma shuɗi mai duhu ko kore mai duhu. Bakteriya kuwa, kusan dukkanta, tana buƙatar ƙarfe kafin ta hayayyafa, don haka idan tanin ya kwashe ƙarfen da ke kewaye da ita ya riƙe, yunwa ce za ta tsayar da ita. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan batu na ƙarfe, domin zai sake dawowa idan an zo maganar masu juna biyu.

Sai dai faɗin da'irar da ɗalibin nan ya auna ba ya nuna ƙarfin magani yadda mutane ke zato. Faɗin ya dogara ne da yadda sinadari ke iya ratsa daskararren abincin ya bazu, kuma ƙaramin sinadari mai rauni na iya bazuwa nesa ya ba da babban da'ira, babba mai ƙarfi kuma ya tsaya kusa da rami. Ga shi kuma akan ɗiga tataccen da kauri mai yawa, wani lokaci miligiram 100 ko fiye a kowace mililita, a ajiye shi gefe da gefe da ɗan faifan siprofuloksasin, wato wani maganin asibiti mai kashe bakteriya, wanda ke ɗauke da maikurogiram 5 kacal, alhali sai maikurogiram 1,000 ke yin miligiram ɗaya, sannan a rubuta cewa da'irorin biyu sun yi kusan daidai. Wannan kwatancin yaudara ce, ko da ba da gangan aka yi ta ba. Ma'aunin da masana suka fi yarda da shi shi ne mafi ƙarancin adadin da ke hana bakteriya tsirowa, wanda ake samu ta hanyar tsarma tataccen rabi-rabi a jerin kwalabe har a kai inda ya daina aiki. Ko a nan bagaruwa tana ba da wahala, domin launinta da guda-gudan da take yi idan ta haɗu da furotin ɗin da ke cikin romon gwajin suna sa ruwan ya yi gurɓi, mai dubawa ya kasa bambance gurɓin tatacce da gurɓin bakteriya, sai ya sake shuka abin da ke kwalbar a sabon faranti kafin ya tabbatar.

Idan aka samu wannan adadi, sai lissafi ya fara magana. Siprofuloksasin yana tsayar da E. coli wadda ba ta bijire ba da abin da bai kai maikurogiram ɗaya a mililita ba. Ɗanyen tataccen tsirrai kuwa sau da yawa sai an kai ɗaruruwan maikurogiram, ko ma miligiram ɗaya zuwa sama, kuma miligiram ɗaya maikurogiram 1,000 ne. Wasu masana biyu daga Sifen, Ríos da Recio, sun ba da shawara a 2005 cewa kada a riƙa kiran tatacce mai ƙarfi idan sai ya wuce miligiram ɗaya a mililita yake aiki, kuma abin da ya cancanci a bi sawunsa shi ne tataccen da ke aiki ƙasa da maikurogiram 100, ko tsantsar sinadarin da ke aiki ƙasa da maikurogiram 10. A ɗauka wani tatacce yana aiki a miligiram ɗaya daidai. Jinin babban mutum kimanin lita biyar ne, wato kafin jininsa ya kai wannan kaurin sai giram biyar na tataccen ya kasance yana yawo a cikin jijiyoyinsa a lokaci guda, ba a ma yi maganar sauran ruwan jiki ba. Wannan ba zai yiwu ta hanyar sha ba, domin manyan tanin ba sa ratsa hanji su shiga jini sai kaɗan, wanda ya shiga kuma hanta tana sauya shi ƙoda ta fitar, sannan jini cike yake da furotin ɗin da zai kama ragowar tun kafin ta ga bakteriya. Halin da ya ba tanin ƙarfi a faranti shi ne ya kashe masa ƙarfi a jini, domin ba ya bambance furotin ɗin ƙwayar cuta da na mai cutar. Saboda wannan rashin zaɓen ne ma masu neman sababbin magunguna sukan cire tanin daga tatacce tun farko, don kada ya riƙa ba su sakamakon ƙarya a kowane gwaji.

A ganina wannan bai rushe ilimin su Gwaggo ba, iyakarsa ya nuna. Duk wuraren da al'ada ta fi amfani da bagaruwa wurare ne da ruwanta ke taɓa ciwon kai tsaye da kaurinsa: baki, dasashi, maƙogwaro, fata, da bangon hanji. A can lissafin jini bai shafe ta ba. Amma mai taifod, wanda bakteriyarsa ta bar hanji ta shiga jini da saifa da ɓargo, ko mai ciwon huhu, ko matar da zazzaɓi ya rufe bayan haihuwa saboda ƙwayar cuta ta hau mahaifa, babu wata hujja daga farantin gwaji da ke nuna cewa jiƙon bagaruwa zai isa inda cutarsu take, ko da an ga da'ira a farantin Salmonella, dangin bakteriyar da ke kawo taifod, a ɗakin gwaji. Abin da na fi jin tsoro shi ne mai tallar magani a mota da lasifika ya ji cewa jami'a ta gwada, ya ɗauki rabin maganar ya shiga kasuwa da ita.

Batun gudawa yana da nasa sarƙaƙiyar. Tsayawar gudawa bayan shan bauri ba dole ba ne ya zama alamar an kashe ƙwayar cuta, domin tanin na iya rage ruwan da bangon hanji ke zubarwa ba tare da ya taɓa abin da ya jawo ciwon ba. Akwai misali mai kyau: a 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna crofelemer, wanda aka ciro daga jan ƙaron wani itace na Kudancin Amurka, kuma shi ma dangin tanin ne. An amince da shi ne don gudawar da ba ƙwayar cuta ta kawo ba a jikin masu shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, yana aiki ta hanyar toshe ƙofofin da gishiri da ruwa ke bi su kwarara cikin hanji, kuma kusan ba ya shiga jini. Wannan ya nuna cewa dangin tanin na iya zama maganin asibiti na sosai. Ya kuma nuna cewa yaron da gudawarsa ta lafa da bauri yana iya kasancewa da cutarsa a ciki, kuma ruwan da ya riga ya rasa ba abin da zai mayar masa da shi sai ruwan gishiri da sukari.

Idan aka juya ga tambayar ko bagaruwa na da illa, abin da aka fi gani a kundayen ɗalibai shi ne gwajin guba na gaggawa bisa hanyar da wani Bajamushe mai suna Lorke ya wallafa a 1983. Ana raba ɓeraye tara gida uku a ba su miligiram 10 da 100 da 1,000 a kan kowane kilo na nauyinsu, a zuba musu ido awa 24. Idan babu wanda ya mutu sai a ɗauko wasu a ba su 1,600 da 2,900 da 5,000. Idan har a 5,000 ɓera bai mutu ba, sai a rubuta cewa tataccen kusan ba shi da guba. Jimlar gaskiya ce a ma'anarta ta ilimi, amma abin da take nufi kawai shi ne shan abin sau ɗaya bai kashe ɓera nan take ba. Ba ta ce komai game da wanda zai sha kullum har wata uku ba, ko jariri, ko mai ciki, ko wanda ƙodarsa ta riga ta raunana. Kuma hanyar da aka bi aka ba ɓeran tana sauya sakamakon ƙwarai, domin abin da ya wuce lafiya ta baki yana iya kisa idan aka yi allurarsa a cikin ciki. Don haka ake buƙatar gwajin kwana 28 ko na kwana 90, inda ake ba dabba abin kowace rana, a riƙa auna nauyinta, a ƙarshe a ɗebi jininta a duba sinadaran da ke tashi idan hanta ta ji rauni da waɗanda ke taruwa idan ƙoda ta gaza, a kuma yanka gaɓoɓin a duba su a madubin likita.

Abin da aka samu game da bagaruwa a irin wannan dogon gwaji yana da sassauci, amma ba wankewa ce gaba ɗaya ba. A wani nazari da aka wallafa a 2000, an cakuɗa ta a abincin ɓeraye da kashi 2 da kuma kashi 8 cikin 100 har zuwa mako huɗu. Babu wanda ya mutu, ba a kuma ga lahani a hanta ba, amma ɓerayen sun rame, kuma waɗanda suka ci kashi 8 jininsu ya ragu, furotin ɗin jininsu ma ya sauka. Da aka daina ba su, cikin mako guda abin ya koma daidai. Wannan shi ne abin da mutum zai yi tsammani daga sinadarin da ke kama furotin da ƙarfe a cikin hanji ya hana jiki amfana da su. Likitocin dabbobi a Afirka ta Kudu kuma sun daɗe da rubuta labarin awakin da suka ci kwafsar wani reshe na wannan itace da yawa suka yi ɓari, wasu suka mutu, ko da yake a ƙa'ida kwafsar abincin dabbobi ce idan ba ta yi yawa ba.

Tarihin asibiti ma yana da darasin da ya shafi tanin kai tsaye. A 1925 wani likita a birnin Detroit na Amurka mai suna Davidson ya fara shafa tanik asid a kan ƙunar wuta, ya ga yana jeme saman raunin ya zama ɓawo mai tauri da ke rage zafi da zubar ruwa. Hanyar ta bazu a asibitocin Turai da Amurka, aka yi kusan shekara ashirin ana yabonta. Sai a farkon shekarun 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka fara lura cewa wasu masu babbar ƙuna da aka yi wa wannan magani suna mutuwa da ruɓewar hanta, gwaji a kan dabbobi ya nuna cewa tanik asid da ya shiga jiki ta buɗaɗɗen rauni yana iya haddasa hakan, daga nan aka watsar da shi. Tanik asid ɗin nan ba daga bagaruwa aka samo shi ba, kuma daga baya wasu masana sun ce rashin tsabtar wanda ake amfani da shi a lokacin da yawan kaurinsa sun taimaka wajen ɓarnar. Duk da haka danginsu ɗaya da wani sashe na tanin ɗin bagaruwa, kuma abin da labarin ke nunawa a fili yake: barbaɗa gari a kan ɗan ƙaramin gyambo daban yake da lulluɓe ƙunar da ta cinye rabin bayan yaro, inda babu fatar da za ta tare shi.

Ana yawan cewa abin da kakanni suka yi ɗaruruwan shekaru suna sha ba zai yi illa ba. Daɗewar amfani hujja ce mai kyau a kan gubar da ke kisa nan take, domin da tana yi da an gane an daina, amma ba ta iya kama illar da ke ɗaukar shekaru kafin ta bayyana, saboda babu mai danganta ciwon ƙodar bana da jiƙon da ya sha shekara biyar da suka wuce. A farkon shekarun 1990 mata fiye da 100 a Beljiyam suka kamu da lalacewar ƙoda bayan shan wani haɗin rage ƙiba da aka sa wa tsiron Aristolochia bisa kuskure, da yawansu sai da aka koma yi musu wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya suka kamu da sankarar hanyar fitsari. Tsiro ne da aka daɗe ana magani da shi a ƙasashe da dama ba a gane ba, kuma yana da ɗan uwa a ƙasar Hausa, wanda ake kira duman dutse. Bagaruwa ba ta ɗauke da wannan guba, na kawo misalin ne don a ga irin abin da daɗewar al'ada ba ta iya hangowa.

A nan gida, waɗanda lissafin ya fi shafa su ne mata da ƙananan yara, kuma su ne suka fi kowa amfani da ita. Mai ciki ko mai jego da aka ba ƙwayar ƙarin jini a asibiti, idan tana shan jiƙon bagaruwa a kusa da lokacin da take haɗiyar ƙwayar, abin da ke faruwa tsakanin kuloko da fata shi ne zai faru a cikinta: tanin zai kama ƙarfen ya fice da shi. Ko baƙin shayi da ake sha tare da abinci an tabbatar yana rage ƙarfen da jiki ke tsotsa, balle abin da ya fi shi bauri. Haka nan tanin yana kama wasu magungunan asibiti a cikin hanji ya rage abin da ke isa jini. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa hantarsa da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba, nauyinsa kaɗan ne, cokalin da ba zai yi wa babba komai ba a gare shi abu ne mai yawa, ga kuma haɗarin ruwan da aka jiƙa da shi da garin da ya kwana a buɗe a kasuwa ya yi fumfuna. Game da matan da ke cusa ta a gaba don matsi ko don maganin sanyi, akwai bakteriya masu amfani da ke zaune a wurin suna tsare shi da tsaminsu, kuma abin da ba ya zaɓen furotin ba zai zaɓi bakteriyar da zai bari ba. Bushewar da ake nema ɗin kuma tana sa fatar wurin saurin tsagewa, wanda ke buɗe wa wasu cututtuka ƙofa. Zama cikin tsarmammen ruwanta daga waje bai kai wannan haɗari ba.

Ma'aunin da ke haɗa ɓangarorin biyu, wato kisa da aminci, shi ne a gwada sinadarin a kan ƙwayoyin halittar ɗan Adam ko na dabba da aka rena a kwalba, a ga adadin da ke kashe rabinsu, sannan a raba shi da adadin da ke tsayar da bakteriya. Idan amsar ta kai goma ko ta wuce, akan ce akwai tazarar da za a iya aiki a cikinta. Idan ta tsaya kusa da ɗaya, to abin da aka samu ɗan uwan ruwan wanke rauni ne, wanda ake shafawa a waje ba a sha. Wannan gwaji yana buƙatar kayan aiki masu tsada da wutar lantarkin da ba ta yankewa, shi ya sa yawancin binciken da ake yi a jami'o'inmu yake tsayawa a faranti da ɓerayen Lorke, kundin ya hau kanta, wani ɗalibin ya zo baɗi ya sake daga farko da wani itacen. Kwinin da aka ciro daga sassaƙen sinkona a 1820, da atemisinin da Tu Youyou da abokan aikinta suka ciro a Sin a farkon shekarun 1970, sun zama magungunan zazzaɓin cizon sauro ne saboda an bi su har ƙarshe: an ware sinadari guda, an san awonsa, an gwada shi a jikin mutane. A ɓangaren bakteriya kuwa, kusan duk magungunan da ake sha ko ake allura a asibiti daga fumfuna da ƙananan halittun cikin ƙasa aka samo su, ko kuma aka haɗa su a masana'anta, ba daga itatuwa ba.

Wannan ne ma ya sa ya kamata a karanta takardar da ke jikin kwalbar maganin gargajiya da kyau. Lambar da hukumar NAFDAC ke ba irin waɗannan magunguna a matakin farko tana ƙarewa da harafin L, kuma ana bayar da ita ne bayan an duba tsabta da gwajin guba, ba bayan an tabbatar da cewa maganin yana warkar da abin da aka lissafa ba. Shi ya sa ake wajabta rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da ke jiki ba. Ga bagaruwa, gwajin da ya fi kusa da hannu, wanda kuma asibitin koyarwa kamar na Shika ke da ma'aikatan da za su iya yi, shi ne na kurkurar baki: a haɗa ruwanta da awon tanin sananne, a raba masu ciwon dasashi gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba kashi ɗaya ita, ɗaya kashin a ba shi kulohekzidin da likitocin haƙori suka saba bayarwa, a duba dasashinsu bayan makonni ba tare da mai dubawar ya san wanda ya sami wanne ba, a kuma rubuta ko ta rina haƙora ko ta sa baki ya yi tsami.